Limfomar Mantul: Cuta Ɗaya, Wani a Ce Masa Ya Jira, Wani a Kwantar da Shi

A ɗauka dattawa biyu ne, kowannensu ya haura shekara 60, suna zaune a benci ɗaya a ɗakin jiran likitan jini. Takardar da ke hannun kowannensu haruffa uku ne a kanta: MCL, wato limfomar mantul, wata sankarar ƙwayoyin garkuwar jiki. Na farko ya shiga ya fito, an ce masa, "Baba, ka koma gida, ba za mu ba ka komai yanzu ba. Ka dawo nan da wata uku mu sake duba jininka." Na biyu ya shiga, aka ce masa a makon nan za a fara ɗaura masa ruwan magani, kuma nan gaba wataƙila sai ya kwanta makonni a asibiti. Idan 'ya'yansu suka haɗu a ƙofa suka gwada takardun, da wuya a rabu ba wanda ya yi zargin an yi sakaci da mahaifinsa. Alhali kuwa yana yiwuwa duka shawarwarin biyu daidai ne.

Labaran da ke fitowa game da cutar ma sun ƙara dagula lissafi. A 2023 kamfanonin da ke yin wani magani mai suna ibrutinib suka janye shi daga jerin magungunan wannan cuta a Amurka. Shekara guda bayan haka aka wallafa sakamakon wani babban gwaji na Turai da ya nuna maganin nan dai yana da amfanin da har zai iya sa a daina yi wa wasu dashen ɓargo. Wanda ke karanta kanun labarai kaɗai ba zai san wanne zai kama ba. Kafin a warware wannan, sai an fara sanin ita kanta cutar.

Daga kaluluwa zuwa limfoma

Kowa ya san kaluluwa: mutum ya ji ciwo a ƙafa, bayan kwana biyu wani ƙullutu ya taso masa a matsematsi. Waɗannan ƙullutai suna nan tun asali, ɗaruruwa ne a jikin kowa, a wuya, hammata, ƙirji da ciki. Aikinsu tace ruwan da ke zagaya jiki, kuma a cikinsu wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini ke taruwa. Ana kiran rukunin limfosait, kuma manyan kashinsa biyu ne. Ƙwayoyin B su ke ƙera makaman da ke manne wa cuta, wato antibodi. Ƙwayoyin T kuwa su ke far wa abokin gaba kai tsaye, su kuma ke tsara yaƙin. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ƙwayoyi ta lalace, ta yi ta hayayyafa ba tsayawa, to an samu limfoma, wato sankarar ƙwayoyin garkuwar jiki.

Wani likitan Ingila, Thomas Hodgkin, shi ya fara bayanin irin wannan ciwo a Landan a 1832. Daga baya Carl Sternberg a 1898 da Dorothy Reed a 1902 suka siffanta wata ƙatuwar ƙwaya da ake gani a madubin likita, wadda sau da yawa cibiyoyinta biyu ke kama da idanun mujiya. Limfomar da ke da wannan ƙwaya ita ake kira ta Hodgkin. Duk sauran aka tattara su a kwando ɗaya aka ce "waɗanda ba na Hodgkin ba". Sunan yana faɗin abin da cutar ba ita ba ce, bai faɗi abin da take ba, kuma a cikin kwandon akwai cututtuka sama da 60 da halinsu ya sha bamban. Wata takan yi shekara goma tana tafiyar hawainiya, wata kuma cikin makonni take ninkawa.

Ta mantul ɗaya ce daga cikinsu, kuma ba ta da yawa: kusan kashi 5 zuwa 6 cikin 100 na limfomar da ba ta Hodgkin ba. A Turai da Amurka, inda aka fi ƙididdige ta, kusan mutum ɗaya take kamawa cikin 100,000 a shekara. Ta fi kama waɗanda suka haura 60, kuma maza sun ninka mata sau biyu zuwa uku.

Sunan daga madubin likita ya fito. Idan aka yanka kaluluwa siriri aka rina ta aka duba, za a ga wasu da'irori masu haske a tsakiya, inda ƙwayoyin B ke samun horo bayan sun gamu da cuta. Kowace da'ira tana da zobe mai duhu da ya lulluɓe ta, cike da ƙananan ƙwayoyin B da ba su taɓa fita fagen daga ba. Wannan lulluɓi shi ake kira mantul, ma'anarsa mayafi ko alkyabba. Ƙwayoyin wannan sankara da na zoben suke kama. An daɗe ana ba ta sunaye daban-daban a Turai da Amurka, sai a 1992 masana suka daidaita a kan wannan suna, aka shigar da shi tsarin rarraba limfoma na 1994, sannan Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauke shi a nata tsarin.

Inda kuskuren yake faruwa

A cikin kusan kowace ƙwaya ta jikin mutum akwai kuromozom 46, an jera su biyu-biyu, kuma a jikinsu aka rubuta dubban umarnin da ke tafiyar da ƙwayar. Ƙwayar B tana da wata ɗabi'a mai haɗari. Tun tana ƙarama a cikin ɓargo, takan yanka wani sashe na rubutunta da kanta ta sake ɗinke shi, domin ta samar da antibodi irin nata na daban. Da wannan yanke-ɗinke ne jiki ke samun makamai iri-iri har miliyoyi. To amma mai yawan yanka da ɗinki wata rana sai ya haɗa hannun riga da ƙafar wando.

Abin da ke faruwa a limfomar mantul ke nan. Wani yanki na kuromozom na 11 ya kan yi musayar wuri da wani yanki na kuromozom na 14. A takardar gwaji ana rubuta shi t(11;14). A kan na 11 akwai umarnin ƙera wani furotin mai suna cyclin D1, wanda aikinsa ba ƙwaya izinin fara rabuwa biyu. Ƙwayar B mai lafiya ba ta ƙera shi. A kan na 14 kuwa akwai makunnin da ke sa ƙwayar B ta yi ta ƙera antibodi dare da rana. Da musayar ta auku, sai umarnin cyclin D1 ya faɗo kusa da makunnin da ba ya mutuwa. Daga nan ƙwayar ta samu izinin rabuwa wanda ba ya ƙarewa. Ana samun wannan musaya a fiye da kashi 90 cikin 100 na masu cutar.

Abu biyu ya kamata a fitar daga nan. Na farko, kuskuren a cikin ƙwayar jini ɗaya ya faru, a tsawon rayuwar mutum. Ba daga iyaye aka gado shi ba, ba a kuma miƙa shi ga 'ya'ya, ba a ɗaukarsa ta zama tare, cin abinci tare ko kwanciyar aure. Na biyu, musayar ita kaɗai ba ta isa ta zama sankara. An sha samun 'yan ƙwayoyi masu ɗauke da ita a jinin mutanen da lafiyarsu ƙalau. Sai wasu kurakuran sun biyo baya, musamman a umarnin da ke gyara rubutun da ya lalace, irin su ATM da TP53. Irin kurakuran da suka biyo bayan su ke raba cutar wani da ta wani, su ne kuma suka raba dattawan nan biyu.

Cuta mai fuska biyu

Likitoci sun saba raba limfoma gida biyu. Akwai masu saurin yaɗuwa, waɗanda ke buƙatar magani nan take amma sau da yawa ana warkar da su ƙaf. Akwai masu tafiya a hankali, waɗanda ba sa gaggawa amma ba a cika raba mutum da su ba. Ta mantul ta ƙi zama a kowane gida. A wurin yawancin mutane tana da saurin na farko, tana kuma da nacin na biyu: ta ji magani ta kwanta, bayan shekaru ta sake tasowa. A shekarun 1990, rabin waɗanda aka gano suna da ita ba sa wuce shekara uku zuwa biyar. Wannan adadi har yanzu yana yawo a intanet, kuma ya tsufa. Ya fito ne daga zamanin da babu yawancin sabbin magungunan da za a ambata a gaba.

A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da abin da likitoci suka daɗe suna lura da shi, cewa akwai wani nau'i na daban mai sanyin hali. Shi wannan ba ya cika kumbura kaluluwa. A jini, ɓargo da saifa yake zama, kuma galibi ba ya ɗauke da wani furotin mai suna SOX11 wanda nau'in da aka saba ke da shi. Mai irin wannan zai iya yin shekaru ba ya buƙatar komai. A ɗaya gefen kuma akwai nau'in da ƙwayoyinsa suka rikiɗe suka yi kama da na sankarar jini mai zafi, ana kiransa blastoid, shi kuwa ba ya jira.

Don a gane inda mutum ya faɗa, ana duba abubuwa kaɗan. Akwai Ki-67, wani rini da ke nuna ƙwayoyi nawa cikin 100 ke kan rabuwa a lokacin da aka ciro naman. Idan sun kai 30 ko fiye, cutar tana da sauri. Akwai ma'aunin MIPI da aka fitar a 2008, wanda ke haɗa shekarun mutum, ƙarfin jikinsa, yawan fararen ƙwayoyin jininsa da wani sinadarin jini mai suna LDH. Sai TP53, wanda a yau ya fi sauran nauyi a wurin yanke shawara. Maganin kimo, wato sinadaran kashe ƙwayoyin sankara, yana aiki ne ta hanyar lalata rubutun ƙwaya har ta kashe kanta, kuma TP53 shi ne mai ba da umarnin kashe kan. Idan ya lalace, ko an ƙara yawan kimo, wahalar ce kawai ke ƙaruwa, cutar kan dawo da wuri.

Yadda take bayyana, da yadda ake tabbatar da ita

Abin da aka fi zuwa asibiti da shi shi ne kaluluwar da ta kumbura ba zafi, ba rauni a kusa, ta kuma ƙi sacewa. Wasu saifarsu ke girma har su riƙa jin nauyi a ƙasan haƙarƙarin hagu, su ƙoshi da loma kaɗan. Akwai alamu uku da likitoci ke tambaya a kansu musamman: zazzaɓin da ya wuce digiri 38 ba dalili, gumin dare mai jiƙa tufafi da shimfiɗa, da ramar da ta wuce kashi 10 cikin 100 na nauyin jiki cikin wata shida. Cutar kuma tana son hanji ƙwarai, har akan ga ƙananan tsiro birjik a bangonsa idan aka zura kyamara.

Sai dai kama da wane ba ta wane. Tarin fuka yana kumbura kaluluwa, yana kawo gumin dare da rama. Haka wasu cututtukan da dama. Mafi yawan kumburin kaluluwa ba sankara ba ne. Babu hoto ko gwajin jinin yau da kullum da zai yanke hukunci shi kaɗai, sai an ciro nama. An fi son a ciro kaluluwar gaba ɗaya ko a yanko wani sashe mai kauri, domin tsotsar 'yan ƙwayoyi da siririyar allura ba ya nuna tsarin da'ira da zoben da aka yi bayani. Wani abin lura kuma: magungunan sitiroyid irin su prednisolone da dexamethasone suna narkar da ƙwayoyin limfoma na ɗan lokaci. Wanda ya sha su kafin a ciro naman zai ga kumburin ya sace, ya ji daɗi, amma gwajin zai iya fitowa a birkice.

A ɗakin gwaji, ana ɗiga wa naman rinin da ke kama cyclin D1. Idan cutar ce, cibiyoyin ƙwayoyin sukan koma ruwan ƙasa-ƙasa, fili guda. Akwai kuma gwajin FISH, inda ake manna wa kuromozom na 11 alama mai launi ɗaya, na 14 wata mai launi daban, galibi ja da kore. A ƙwaya mai lafiya za a ga ɗigo ja biyu da kore biyu a warwatse cikin duhu. A mai cutar kuwa ja da kore sun haɗe wuri ɗaya sun ba da rawaya. Wannan ɗigon rawaya ke raba ta da wata sankarar jini mai suna CLL, wadda take kama da ita sosai amma hanyar maganinsu ba ɗaya ba ce.

Daga nan sai hoton PET ko CT da gwajin ɓargo, don a san mataki. Yawancin masu cutar a mataki na 3 ko na 4 ake gano su, kuma a nan ne hankalin iyali ke tashi. A sankarar nono ko ta huhu, mataki na 4 yana nufin cutar ta bar mazauninta ta bazu. Ƙwayoyin limfosait kuwa yawo ne sana'arsu tun suna lafiya, don haka samunsu a ɓargo ba abin mamaki ba ne. A wannan cuta, Ki-67 da TP53 sun fi lambar matakin bayyana abin da ke gaba.

Jira, ko faɗa da dukan ƙarfi

Dattijon da aka ce ya koma gida ba watsar da shi aka yi ba. Idan cutar mai sanyi ce, ba ta hana shi komai, jininsa bai faɗi ba, to fara magani da wuri bai nuna yana ƙara masa kwana ba, illar maganin kuwa tabbas ce. Ana sa masa ido da awon jini da duba jiki, ranar da ta motsa a fara. Wahalar wannan hanya a zuciya take: mutum ya san yana ɗauke da sankara, kuma an ce kada a taɓa ta.

Ga wanda ke buƙatar magani, ginshiƙin shi ne rituximab, wani antibodi da aka ƙera wanda ke manne wa alamar CD20 da ke jikin ƙwayoyin B. Hukumar FDA mai kula da magunguna a Amurka ta amince da shi a 1997. Ana haɗa shi da kimo. Ga tsofaffi da marasa ƙarfi an fi haɗa shi da bendamustine. Ga masu ƙarfi, galibi 'yan ƙasa da 65, an daɗe ana bin hanya mai tsanani: kimo mai ɗauke da cytarabine mai yawa, sannan dashen ɓargo na kai. A wannan dashe, ana tace uwayen ƙwayoyin jinin mutum daga jininsa a daskarar da su, a ba shi kimon da ke share ɓargo ƙaf, sannan a mayar masa da nasa su sake tsiro. Yakan yi makonni a keɓe ba garkuwa. Bayan nan ana ci gaba da ba shi rituximab duk wata biyu har shekara uku, abin da wani gwajin Faransa da aka wallafa a 2017 ya nuna yana ƙara tsawon rai.

Rigimar ibrutinib

Ƙwayar B tana rayuwa ne da saƙon da ke zuwa daga fatarta zuwa cibiyarta, kuma a kan hanyar saƙon akwai wani furotin mai suna BTK. Harafin B ɗin daga sunan Ogden Bruton ne, likitan yara na sojan Amurka wanda a 1952 ya ba da bayanin wani yaro da jikinsa ba ya ƙera antibodi. Daga baya aka gano wannan furotin ne ba ya aiki a jikin irin waɗannan yara. Ibrutinib yana toshe BTK, kuma haɗiya ake yi kullum, ba ɗaura ruwa ba. A 2013 FDA ta ba shi izinin gaggawa ga waɗanda cutar ta dawo musu. Sharaɗin irin wannan izini shi ne kamfani ya kawo babban gwajin da zai tabbatar da amfanin daga baya.

Gwajin shi ne SHINE, mai mutum 523 'yan shekara 65 zuwa sama. An ba kowa bendamustine da rituximab, aka ƙara wa rabi ibrutinib. Waɗanda aka ƙara wa sun yi kimanin wata 81 kafin cutar ta sake motsi, sauran kimanin wata 53. Tazarar ta wuce shekara biyu. Amma da aka ƙirga tsawon rai gaba ɗaya, babu bambanci tsakanin rukunan biyu. Waɗanda cutar ta kashe sun ragu a rukunin ibrutinib, waɗanda illolin magani suka kashe kuma suka ƙaru, musamman ta hanyar kamuwa da cututtuka. Maganin kuma an san shi da birkita bugun zuciya, hawan jini da zubar jini.

A nan ra'ayi ya rabu. Ɓangare ɗaya yana cewa shekara biyu ba tare da cuta ba riba ce babba, musamman ga tsoho wanda ba lallai ne jikinsa ya iya ɗaukar zagaye na biyu na magani ba. Ɗaya ɓangaren yana cewa idan ƙarshen lissafin ɗaya ne, gara a ajiye maganin sai cutar ta dawo, a hutar da mutum shekarun shan ƙwaya da illolinta. Bayan tattaunawa da FDA, kamfanonin suka janye izinin a Amurka a 2023. A Turai ba a janye shi ba. Abin da kanun labarai ba su fayyace ba shi ne, janyewar ba ta ce maganin ba ya aiki a kan cutar ba. Cewa ta yi a wancan rukuni na tsofaffi, a haɗe da wancan kimo, ribar ba ta rinjayi hasarar a fili ba. Kuma a lokacin Amurka ta riga ta samu 'yan uwansa masu sauƙin illa ga zuciya: acalabrutinib a 2017, zanubrutinib a 2019, da pirtobrutinib a farkon 2023, wanda ke iya aiki ko bayan na farkon sun gaza.

Gwajin Turai, mai suna TRIANGLE, wata tambaya daban ya yi, a kan mutane daban. Mutum 870 ne 'yan ƙasa da 66, masu ƙarfin da za a iya yi musu dashe. Aka raba su uku: kimo da dashe kamar yadda aka saba, kimo da dashe da ibrutinib, sai kimo da ibrutinib ba dashe. Bayan shekara uku, kashi 72 cikin 100 na rukunin farko ne cutar ba ta dawo musu ba, na biyu 88, na uku 86. Ma'ana dai ƙara ibrutinib ya yi amfani ƙwarai, ƙara dashe a kansa kuwa bai nuna wani ƙarin kirki ba, sai ƙarin illa. A ƙarshen 2024 wani gwajin Amurka ya ƙara da cewa waɗanda gwaji mai zurfi bai ga ragowar cutar a jininsu ba bayan zagayen farko, dashe bai ƙara musu komai ba. Masu taka-tsantsan suna tunatar da cewa wannan cuta ce mai dawowa bayan shekara bakwai ko goma, don haka hukuncin shekara uku ba shi ne na ƙarshe ba. Duk da haka cibiyoyi da yawa sun rage yin dashen. Ashe gwaje-gwajen biyu ba saɓa wa juna suka yi ba: ɗaya a kan tsofaffi ne da shan magani ba iyaka, ɗaya a kan masu ƙarfi ne da shan shekara biyu a tsaya.

Idan ta dawo

Ga wanda magungunan BTK suka daina yi wa aiki, a da zaɓi kaɗan ne. A 2020 FDA ta amince da maganin CAR-T mai suna Tecartus. Ana tace ƙwayoyin T na marar lafiya, a kai su masana'anta a saka musu umarnin farautar alamar CD19 da ke jikin ƙwayoyin B, a hayayyafa su, a dawo masa da su bayan 'yan makonni. A gwajin da ya kai ga amincewar, kusan kashi biyu cikin uku cutar ta ɓace musu gaba ɗaya a hoto. Haɗarinsa ba ƙarami ba ne: zazzaɓi mai tsanani da faɗuwar hawan jini idan garkuwar ta harzuƙa, da ruɗewar ƙwaƙwalwa na ɗan lokaci, har mutum ya kasa rubuta jumlar da ya rubuta jiya. Shi ya sa sai a manyan cibiyoyi masu ɗakin kulawa ta musamman ake yinsa. Akwai kuma dashen ɓargo daga wani mutum, wanda kan iya warkarwa har abada, amma sabuwar garkuwar tana iya juyowa ta far wa jikin da aka dasa ta, don haka ƙalilan ake yi wa.

Abin da ya shafi marar lafiya da masu jinya

Sabbin magungunan nan suna da tsada ƙwarai, kuma ba kowace ƙasa ke da su ba. Ko gwajin FISH da na TP53 ba kowane asibiti ke yi ba. Wannan ya sa abin da ake karantawa a rahoton taron likitoci da abin da za a tarar a ɗakin likita suna iya yin nisa da juna. Rituximab da kimo har yanzu suna kwantar da cutar shekaru ga mutane da yawa, kuma samuwar rituximab na wasu kamfanoni ya sauƙaƙa samunsa.

Kusan duk maganin wannan cuta yana kashe ƙwayoyin B masu lafiya tare da masu cutar, saboda haka kamuwa da wata cuta shi ne haɗarin yau da kullum. Zazzaɓin digiri 38 ga mai karɓar kimo ba na jiran wayewar gari ba ne. Kafin a fara rituximab wajibi ne a yi gwajin ciwon hanta nau'in B, domin ƙwayar cutar da ta daɗe a kwance tana iya farkawa ta lalata hanta, kuma akwai maganin da ke hana hakan idan an sani tun farko. Allurar rigakafi mai rayayyar ƙwayar cuta ba ta dace da mai wannan jinya ba, sauran kuwa an fi son a yi su kafin a fara. Mai shan maganin BTK ya kamata ya gaya wa duk likitan da zai yi masa tiyata ko cire haƙori, domin akan dakatar da shi 'yan kwanaki saboda zubar jini. Haka kuma duk wani magani ko tsimi da yake sha a gefe sai likita ya sani, domin wasu suna hana hanta sarrafa maganin har ya taru a jini.

Tunda cutar ba ta da yawa, likita zai iya yin shekaru bai gamu da ita ba, kuma kuskuren ɗaukarta a matsayin wata limfomar yana faruwa. Neman wani ƙwararren ya sake duba naman ba raina likitan farko ba ne, abu ne da aka saba a wannan fanni. Naman da aka ciro ana adana shi cikin kakin farafin na ɗakin gwaji, yana shekaru bai lalace ba, kuma ana iya aika shi wata cibiya a yi masa gwajin cyclin D1, Ki-67 ko TP53 ba tare da an sake yanka mutum ba. Idan kuma cutar ta dawo bayan shekaru, likitoci sukan so a ciro sabon nama, domin wadda ta fara da sanyin hali tana iya dawowa da TP53 a lalace, kuma maganin da ya kwantar da ita a karon farko ba lallai ne a sake komawa gare shi ba.